Darasi na Shida: Farfaɗiya da Aikin Ma'aikaciyar Jinya

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙonninta ne ta wata 'yar wutar lantarki, kuma idan wutar nan ta rikice sai mutum ya yanke jiki ya faɗi, ya sanƙare, ya riƙa fizge-fizge. Wani ma ba ya faɗuwa. Idonsa kawai zai ƙafe na 'yan daƙiƙu, ko ya riƙa motsa baki yana murza rigarsa bai san inda yake ba. Ba a ɗaukar ciwon ta yawu, ko numfashi, ko taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da shi a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Wace ce nas ɗin farfaɗiya?

Likita ne ke tabbatar da ciwon ya rubuta magani, amma ganinsa kan ɗauki watanni. A tsakanin nan, nas da aka horar musamman kan farfaɗiya, mace ko namiji, ita ake nema. Tana duba yadda magani ke aiki, tana koya wa iyali taimakon gaggawa, tana yi wa makaranta ko wurin aiki bayani. Ita ce kuma ke rubuta takardar tsarin kulawa: irin faɗuwar da mutum ke yi, tsawon lokacinta, sunan magani da yawansa, da lambar da za a kira. A ajiye takardar inda kowa a gida zai gan ta.

Magani

Nan ne aka fi samun matsala. Magani a cikin jini kamar ruwa ne a tulu mai yoyo: kullum raguwa yake, dole a riƙa ƙarawa a kan lokaci. Idan an ce sau biyu a rana, to tazarar awa 12 ake nufi, misali 7 na safe da 7 na yamma. Da yawa suna ganin sun yi wata uku ba su faɗi ba sai su ce sun warke, su ajiye ƙwaya. Maganin ne ya tare ciwon, kuma tsayar da shi farat ɗaya yakan jawo faɗuwa a jere wadda ke iya kisa. Likita kaɗai ke yanke shawarar dainawa, galibi bayan shekara 2 ba faɗuwa, kuma a hankali ake ragewa.

Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu ya haɗiye. Tun kafin hakan ta faru a tambayi nas abin yi, domin ƙa'idar ta danganta da irin maganin. A koma karɓar wani tun da sauran na mako guda a hannu.

Ku koyi karanta sunayen yadda aka rubuta su a jikin kwali: carbamazepine, phenobarbital, phenytoin, sodium valproate, lamotrigine, levetiracetam. Jin barci da jiri a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, yawanci sukan lafa. Amma ƙuraje a fata, musamman da zazzaɓi ko gyambo a baki, a je asibiti ran nan, kada a kwana. Phenytoin yana kumbura dasashi, saboda haka mai shansa ya kula da wanke baki.

Mace mai son haihuwa ta ga nas tun kafin ciki ya shiga. Sodium valproate yana iya cutar da ɗan tayi, carbamazepine da phenytoin da phenobarbital kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Idan ciki ya riga ya shiga, kada ta daina magani da kanta. Ta garzaya asibiti.

Idan mutum ya faɗi

1. Ku dubi agogo. Wannan ne na farko, domin a cikin ruɗani minti 1 sai ya zama kamar 10.
2. Ku kawar da wuta, wuƙa, kujera, duk abin da zai ji masa rauni. Ku sa tufa mai laushi ƙarƙashin kansa, ku sassauta masa wuyan riga.
3. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali, tsumma ko yatsa a baki. Ba a haɗiye harshe. Abin da ke faruwa shi ne haƙori ya karye, ko mai taimako ya sha cizo.
4. Da fizgar ta tsaya, ku juya shi ya kwanta ta gefe don yawu ya zubo waje.
5. Ba ruwa, ba abinci, sai ya dawo hayyacinsa sarai. Ku zauna da shi, ku sallami 'yan kallo.

Yawancin faɗuwa tana tsayawa da kanta cikin minti 1 zuwa 3. A nemi asibiti nan take idan ta wuce minti 5, ko wata ta biyo baya bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko a ruwa abin ya same shi, ko mai ciki ce, ko kuma wannan ne karo na farko. Wasu akan ba su maganin gaggawa su ajiye a gida: midazolam da ake zubawa tsakanin kumatu da dasashi, ko diazepam da ake sawa ta dubura. Wanda nas ta koya wa ne kaɗai zai ba da shi, kuma daidai adadin da ke rubuce a takarda, domin idan ya yi yawa yana danne numfashi.

Kiyayewa

Rashin barci, giya, zazzaɓi da tsallake magani su ne manyan masu tayar da ciwon. Mai farfaɗiya kada ya yi iyo shi kaɗai, kada ya kulle ƙofa in zai yi wanka, kada ya sunkuya kan buɗaɗɗiyar wuta ko ya hau wuri mai tsawo ba kowa kusa. Tuƙi sai da izinin likita da kuma abin da dokar ƙasa ta tanada.

Littafin lura

Nas ba ta nan lokacin da abin ya faru, kuma shi kansa mara lafiyan sau da yawa ba ya tuna komai. Abin da kuka rubuta shi ne idonta. "Ya faɗi sau da yawa" ba ya taimaka mata. "Ya faɗi ran 4 ga wata, 6 na safe, minti 2, bai sha maganin dare ba" shi ke nuna mata ko a ƙara magani ko a gyara lokacin sha. Idan akwai mutum na biyu a wurin, ya ɗauki bidiyo da waya, a nuna wa nas ko likita kawai.

Aikin gida

Ku ja layi biyar a tsaye a shafin littafinku. A saman kowane gida ku rubuta: kwanan wata, lokaci, minti nawa, abin da aka gani, an sha magani ko ba a sha ba, abin da ya faru kafin nan. Ku cike layin farko da misalin da ke sama, ku kawo a darasi na gaba.