Yadda za a yi wa jariri takardar haihuwa a Kumasi

A Gana rajistar haihuwa kyauta ce muddin yaro bai cika wata 12 ba. Da ya wuce haka, sai biyan kuɗi da ƙarin takardu. Don haka da an watse daga taron suna, a sa wannan a gaba.

1. A haɗa katin awon jariri da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, na uwa da na uba.

2. Tun a gida a tsayar da yadda za a rubuta sunan da boko. Nan mutanenmu na zango ke yawan tuntuɓe: katin uba ya ce Abdulai, takardar ɗa ta ce Abdullahi. Ba a ganin illar sai ranar rajistar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ko neman fasfo, a yi ta zarya ana neman takardar rantsuwa. A rubuta sunan a takarda, harafi bayan harafi, a tafi da ita.

3. A je ofishin rajistar haihuwa da mutuwa (Births and Deaths Registry) mafi kusa. Asibitocin gwamnati da yawa suna da teburinsu, a tambayi nas ranar awo. Wanda aka haifa a gida ma ana yi masa.

4. Za a tambayi ranar haihuwa, wurin haihuwa da bayanan iyaye. Kada a yi kintace.

5. In takarda ta fito, a karanta ta nan take. Wanda bai yi boko ba ya tafi da ɗan makaranta.

6. A ɗauke ta hoto a waya, a sa ta a leda, a ajiye a can sama, musamman 'yan unguwar Aboabo da ruwa ke shigar musu ɗaki da damina.