Yadda Ake Buga Wasannin Ban Tsoro Na Gwaji

Da farko ka kashe fitila, ka sa abin ji a kunne, ka ajiye waya nesa. Irin waɗannan wasannin kwamfuta masu gwada sabon salo da sauti suke kama mutum tun kafin ya ga wani abu.

Kada ka yi saurin cewa wasa ya lalace. Ranar da na buga Anatomy, wasan da Kitty Horrorshow ta ƙirƙira, wanda ya fito a shafin wasanni na itch.io a 2016, ina ta tsintar kaset a wani gida mai duhu, can sai wasan ya rufe kansa. Da na sake buɗewa, gidan ya sauya, muryar kaset ɗin ta fara gurɓacewa. Ashe da gangan ne. In ya mutu, sake kunna shi tukuna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu gama wasa su nemi kuɗinsu. Steam, kasuwar wasanni ta intanet, na mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ba ka kai awa 2 kana bugawa ba, alhali da yawan waɗannan wasanni ba su kai wannan tsawon ba, kuma sau tari mutum ɗaya ne ya sha wahalarsu. In ka gama, bar masa haƙƙinsa.

Wajen sharhi kuwa, faɗa wa wanda ya ƙirƙiri wasan ɗakin da tsigar jikinka ta tashi, da inda ka rasa hanya.