Yadda ake kai ƙananan yara kallon tsoffin haikalan Luksor

Na sha ganin iyalai 'yan uwanmu, musamman masu zama Alƙahira don karatu ko jinya, sun kwashi yara zuwa Luksor, birnin da ke kudancin Masar, sun dawo ba abin da suke tunawa sai kukan yaro. Kusan dukkansu a wuri ɗaya suke kuskure: lokacin fita.

Da farko zaɓi wata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kawai. Lokacin zafi a can ana wuce digiri 40, kuma zafin dutse ne, daga ƙasa yake tasowa ya doki fuskar yaro tun kafin ya iso taka. Jirgin sama daga Alƙahira kamar awa ɗaya ne. Akwai jirgin ƙasa na dare, amma yana cin wajen awa 10, ni ba na shigarsa da mai goyo.

Yanzu ga babbar maganar. Ana buɗe Karnak, babban haikalin Luksor, ƙarfe 6 na safe. Ku yi sallar asuba, ku sa wa yara kaya, ku fita. Kada ku jira karin kumallon otal. Mu mun jira, muka isa wajen ƙarfe 10, motocin 'yan yawon buɗe ido sun riga sun cika wurin. 'Yata mai shekara uku ta ƙi tafiya, ta ƙi shan ruwa, jikinta ya yi zafi, dole muka juya ba mu ko kai tafkin haikalin ba. Washegari muka koma da sassafe da burodi, dafaffen ƙwai da dabino a jaka, yarinyar nan da kanta ta riƙa zagaya ginshiƙai. Babban zauren yana da ginshiƙai 134, akwai inuwa sosai, don haka ku wuce can kai tsaye, kada ku ɓata sanyin safiya wajen ɗaukar hoto a ƙofa. Ba yaro aiki: ya nemo tsuntsu, ƙudan zuma ko ido a cikin zanen bango. Awa ɗaya da rabi ta isa. Ku fita tun yana jin daɗi.

Keken tura jariri ku bar shi a gida, yashi da duwatsu ba za su bar shi ya gangara ba. Zani da majanyi sun fi shi. Ruwa ku saya a shagon cikin gari, a bakin haikali kuɗinsa ya ninka. Ku riƙe katin banki don tikiti, da canji don ban-ɗaki.

Haikali ɗaya a rana, ban yarda da biyu ba. Da rana kowa ya kwanta. Haikalin Luksor na cikin gari ku bar shi sai bayan la'asar, idan an kunna fitilu ya fi kyau, ga masallacin Abul Hajjaj a cikinsa. Tsakaninsa da Karnak akwai tsohuwar hanyar gumaka mai kusan kilomita 3, kada ku gwada takawa da yara.

Kwarin Sarakuna, inda kaburburan fir'aunoni suke, yana hayin kogin Nilu. Tikiti ɗaya kaburbura uku ne, na fir'auna Tutankhamun kuɗinsa daban. Cikinsu ba iska, ga gangara, ɗaya ya ishi ɗan shekara biyar.