Matakan Sayen Gidanka na Farko da Rancen Banki Idan Albashi Ɗaya Gare Ka

1. Fara da lissafi. Rubuta abin da ke shigo maka a wata bayan an cire haraji, da duk abin da ke fita. Biyan rancen gida kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na albashinka, ko da banki ya yarda ya ba ka fiye da haka.

2. Biya ƙananan basussuka tukuna, domin banki zai duba su.

3. Tara kuɗin kafin alƙalami. Kashi 20 cikin 100 na kuɗin gidan ya fi, don rancen zai ragu, ruwansa ma haka.

4. Ajiye kuɗin da zai riƙe ka wata 6, daban da na gidan. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne. Mai albashi ɗaya ba shi da wanda zai tallafe shi ranar da aiki ya tsaya ko ciwo ya kwantar da shi, kuma banki ba ya jira.

5. Zagaya bankuna uku ko huɗu ka kwatanta. Tambayi jimillar abin da za ka biya har ƙarshe. Rancen shekara 30 a kan ruwa kashi 6, ruwan kaɗai ya zarce uwar kuɗin. Ka kuma tambaya ko ruwan tsayayye ne ko yana hawa da sauka.

6. Kafin ka sa hannu, lauya ya tantance takardun gidan, maginin da ka amince da shi ya duba rufi da harsashi.