Yadda ake tsara gajeren wasan barkwanci na dare

Matasanmu na Makka da Jidda masu son shirya gajeren wasan barkwanci irin na shirye-shiryen dare a talabijin, ya kamata su fara da zaɓen hali guda da kowa ya sani, kamar dillalin masauki mai rantsuwa cewa gidansa yana dab da Harami alhali sai an hau mota. A kan wannan hali ake gina wasan gaba ɗaya, ana ƙara masa gishiri kaɗan-kaɗan har dariya ta ɓarke, sannan a yanke kafin ya wuce minti biyar.

Idan kwaikwayon mutum za a yi, a kama muryarsa, da yadda yake jan carbi, da kalmar Larabcin da ba ya rabuwa da ita. Nakasarsa da addininsa kuwa, a ganina, ba abin taɓawa ba ne. Shirin barkwanci na talabijin ɗin Saudiyya mai suna Tash ma Tash, wanda ya fara a 1993, ya shahara a dararen azumi saboda halayen jama'a da jan ƙafar ma'aikata ya sa gaba.

Kafin ɗauka, a karanta rubutun da ƙarfi gaban abokai, a cire duk maganar da ba ta ba su dariya ba.