Yadda na sa laɓɓana suka ciko ba tare da allura ba

Laɓɓana sirara ne tun asali, da hunturu kuma sai su tsage, jan baki ya taru a tsagar. Ƙawata ta ce in je a yi mini allurar ciko. Sinadarin hyaluronic acid ake zubawa, jiki na narkar da shi cikin wata 6 zuwa 12, sai a sake biya. In hannun bai ƙware ba, allurar na iya toshe jijiyar jini, naman wurin ya mutu. Ni dai ba zan kai bakina shagon kwalliya a soka ba.

Man leɓe mai sa kumburi ma na ajiye shi. Barkono ko kirfa ko na'a-na'a ke ciki, raɗaɗinsu ke kumbura leɓe na ɗan lokaci, sannan ya bushe.

Fatar leɓen na fara gyarawa. Nakan cuɗa sukari da zuma in goge a hankali, da dare in shafa man kaɗanya. Na daina lasar leɓe, don yawu busar da shi yake yi.

Sai fensirin zana leɓe. Wanda ya ɗan fi leɓena duhu nake ɗauka, in bi iyakar leɓen, a tsakiyar na sama da na ƙasa kaɗai nake haurawa, kamar kaurin zare. Kada ki haura a gefen baki, kowa zai gane. Ki sa jan baki mai haske a tsakiya, ki ɗiga mai sheƙi a kai. Mai duhu marar sheƙi ƙara tsuke baki yake yi.