Darasi na 7: Riƙon Lissafin Gida Idan Aure Ya Mutu Maigida Yana Bakin Daga

A barikokin soja na Legas, irin su Ikeja da Ojo da Bonny Camp, da kuma unguwannin da Hausawa suka fi yawa kamar Agege da Idi-Araba da Obalende, akwai mata da dama waɗanda mazajensu suke bakin daga a Arewa maso Gabas, a ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, ko kuma a dazukan Zamfara da Katsina. Soja yakan shafe watanni bai leƙo gida ba, kuma sau da yawa kafin ya tafi yakan bar wa iyalinsa katinsa na cirar kuɗi, ya ce a riƙa cefane da biyan kuɗin makaranta daga albashinsa. Idan Allah ya ƙaddara aure ya mutu a wannan tsakani, matar takan wayi gari da baƙin ciki biyu: ga zafin rabuwa, ga kuma kuɗin haya da na wuta da na makaranta, waɗanda ba sa jiran zuciyar kowa ta huce. Wannan darasi zai koya mana yadda ake riƙe lissafin gida a irin wannan hali, ba tare da an zalunci mace ko namiji ko yara ba.

Na taɓa samun wata ɗaliba a ajinmu da ta zo da waya a hannu, idanunta sun kumbura, ta miƙa mini ta ce, "Malama, karanta mini abin da Baban yara ya turo." Saƙon bai wuce layi biyu ba, kuma saki ɗaya ne. Tana gama ji sai ta ce za ta goge shi don kada ta sake ganinsa. Na riƙe hannunta na ce kada ta kuskura, domin ranar da ke jikin saƙon nan ita ce tushen duk lissafin da za a yi daga baya. Muka kwafe kalmomin a littafinta na aji da ranar da lokacin, muka ɗauki hotonsa muka tura wa yayanta, sannan ta je wurin limamin unguwa don a tabbatar daga bakin mijin cewa shi ne ya rubuta, kuma abin da yake nufi ke nan.

Abin da ke kan kowa

Kafin a taɓa alƙalamin lissafi, dole ne a san wane nauyi ne yake kan wa. A Musulunci, macen da aka saka tana yin idda ta tsarki uku, wadda ba ta ganin al'ada tana yin wata uku, mai ciki kuwa sai ta haihu. Idan sakin na kome ne, wato ɗaya ko biyu, ci da sha da sutura da wurin kwananta suna kan mijin har idda ta cika, kuma ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta a wannan lokaci. Idan ajali ya riski mijin a fagen fama alhali tana cikin irin wannan idda, tana da gadonsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda aka yi wa saki uku tana da haƙƙin wurin zama har ƙarshen idda, ciyarwa kuma sai idan tana da ciki.

Maganar yara daban take, kuma a nan ne mata suka fi cutar da kansu saboda kunya ko fushi. Ciyar da yara da tufatar da su da maganinsu da karatunsu suna kan uba, ko auren yana nan ko ya mutu, ko yana Ikeja ko yana Monguno. Uwa ce ta fi cancanta da riƙonsu matuƙar ba ta yi wani aure ba. Saboda haka macen da ta nemi kuɗin abincin 'ya'yanta ba roƙo take yi ba, kuma wadda ta ce "ba na son ko sisinsa" ta yafe abin da ba nata ba ne. Waɗanda kuma suka ɗaura aurensu a ofishin rajista, irin na Ikoyi, su sani cewa babbar kotu ce kawai take da ikon raba shi, saƙon waya ba ya warware irin wannan aure.

Katin banki da asusu

Idan katin maigida yana hannunki, kada ki kwashe abin da ke ciki don huce haushi, domin hakan zai zubar miki da mutunci a gaban masu sulhu, ya kuma ba shi hujjar rufe asusun. Ki ciri abin da aka saba cira don hidimar gida, ki rubuta rana da adadi da abin da aka saya, ki adana 'yar takardar da mai POS ya ba ki. Daga nan ki buɗe asusu da sunanki, idan ba ki da shi. Za a nemi lambarki ta BVN ko ta NIN da lambar waya, kuma ya kamata layin wayar ya zama wanda aka yi wa rajista da sunanki, domin duk mai riƙe da layin shi ne yake ganin shiga da fitar kuɗi. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa ita, har mai POS da kuka saba.

Ga shi kuma sojan da yake daji, wanda yakan yi kwanaki ba shi da sabis, hanya mafi sauƙi ita ce ya ba bankinsa umarni na dindindin, a riƙa tura wani adadi zuwa asusun uwar yara a rana ɗaya ta kowane wata, da zarar albashi ya shiga. Wannan yana raba su da kiran waya na yau da gobe wanda yakan ƙare da zagi, yana kuma zame masa shaida cewa ya sauke nauyinsa. Adadin da aka amince a kai a rubuta shi a takarda, da shaidu daga ɓangarorin biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne.

Muhalli

A ganina wannan ne ya fi kowanne nauyi a Legas. Ɗakin bariki da sunan soja ake ba da shi, ba da sunan matarsa ba, don haka wadda take zaune a ciki kada ta jira sai an ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta fara zuwa wurin Magajiya, shugabar matan layinsu, ta ce, "Mama, ga halin da nake ciki, ina so a raka ni wurin RSM." RSM shi ne babban saje-manja mai kula da ladabi da tsarin bariki. Idan rundunar ta tafi aiki akan bar jami'ai a bariki masu kula da al'amuran iyalai, kuma su ne za su faɗa mata wa'adin da take da shi, su kuma isar da saƙo ga mijin ta hanyar kwamandansa. Ta tambayi matsayin katin asibitin yara, tun da ta hanyar aikin ubansu aka yi musu rajista. Watannin idda su ne lokacin neman ɗaki ko shirin komawa gida Arewa, kuma kowanne ta zaɓa ta lissafa shi tun da wuri, har kuɗin motar kaya da takardar canjin makarantar yara.

Wadda take gidan haya kuwa ta nemo rasit na ƙarshe ta duba sunan wa ke jiki da ranar da kuɗin zai ƙare. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gidan haya ya ba da rasit, kuma idan babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan haya wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara kuma na wata shida. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watsa kaya waje da kansa, sai ya bi ta kotu. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. Duk da haka, gara ta je ta gaishe da mai gidan tun kafin wa'adi ya cika, ta gaya masa gaskiya, ta nemi ya karɓa kashi-kashi, domin wanda aka girmama ya fi saurin sassauci a kan wanda ake ɓoye wa.

Idan sabon ɗaki za ta kama, ta tuna cewa bayan kuɗin haya akwai na dillali da na takardar yarjejeniya. Ta kuma duba mitar wuta kafin ta biya, saboda tsohon bashi yakan zauna a jikin mita, a riƙa zaftare shi duk lokacin da aka sayi kati. Ikeja Electric ne ke ba Agege da Ikeja wuta, kamfanin Eko kuma yana riƙe da Obalende da Ojo da Idi-Araba, kuma a ofishinsu ake tambayar ko akwai bashi a kan lambar mita. A gidan da ake tarayya a mita ɗaya, ta nemi a rubuta kason kowane ɗaki. Haka ma kuɗin kwasar shara.

Lissafin wata

Yanzu mu buɗe littafi mu ja layi a tsakiyar shafi, dama a rubuta abin da ke shigowa, hagu abin da ke fita. A ce uban yara yana turo naira 60,000 a wata, ita kuma tana samun ribar naira 45,000 daga waina da zoɓo, jimla 105,000 ke nan. A ce abinci da gas suna cin 55,000, wuta 6,000, mai ruwa 5,000, Islamiyya da kayan karatu 7,000, kuɗin mota 6,000. Hayar ɗaki kuma 360,000 ce a shekara, wadda idan aka raba ta gida 12 za ta ba da 30,000 a kowane wata. Wannan rabawa ita ce mutane suke mantawa da ita, sai ƙarshen shekara ya zo su rasa inda za su sa kansu. Idan aka tara duka, abin da ke fita ya kai 109,000, wato akwai giɓin naira 4,000.

Giɓin da aka gani a takarda yana da magani, domin ana iya rage kuɗin mota, ko a ƙara kwanon waina ranar Juma'a, ko a nuna wa masu sulhu shafin nan a nemi ƙari da hujja. Naira 30,000 ta haya kuwa a raba ta da kuɗin cefane, a sa ta a wani asusu ko a adashin mutanen da aka san gidajensu, a nemi kwasa ta faɗo kusa da lokacin biya. Ina gargaɗi da babbar murya a kan bashin manhajojin waya. Ruwan da suke ɗorawa yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma wasunsu sukan bi lambobin da ke cikin waya suna tozarta wanda ya makara. Bashin mai shago da na maƙwabta kuma a rubuta su, a ware wanda aka ci don abincin yara, domin wannan yana cikin abin da za a gabatar wa ubansu.

Idan kuɗi ya daina zuwa

A fara da iyaye da waliyyai, domin sau da yawa kiran wa ko kawu ya isa. Idan bai yi ba, a je wurin limamin bariki ko fadar Sarkin Hausawa na unguwa. Legas ba ta da kotunan shari'ar Musulunci na gwamnati irin na Kano ko Sakkwato, amma tana da kotun iyali wadda take sauraron maganar riƙon yara da ciyar da su a ƙarƙashin dokar haƙƙin yara ta jihar ta 2007. Ma'aikatar Shari'a ta jihar tana da cibiyar sulhu da ake kira Citizens' Mediation Centre, da ofishin lauyoyin talakawa da aka fi sani da OPD, kuma duka biyun kyauta suke aiki. Duk inda za a je, a tafi da saƙon saki, da takardun haihuwar yara, da rasit na haya da na makaranta, da littafin lissafi. Wadda Turancinta ko Yarbancinta bai nuna ba ta tafi da wanda zai yi mata tafinta, kuma kada ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba.

Aikin gida

Kowace ɗaliba ta tattaro rasit ɗin da ke ɗakinta a leda ɗaya, ta rubuta sunan da ke jikin kowanne. Sannan ta raba hayar gidansu ta shekara gida 12, ta ja layin shiga da fita na watan da ya wuce da nata adadin na gaskiya. Wadda ba ta son a ga lissafinta a cikin aji ta kawo mini littafin bayan an tashi, mu duba tare.